Gashin Gezar Zabuwa

Ranar Alhamis da ƙarfe bakwai na safe na isa gonar Summerfield na tarar da ɗakin goɗiyata Zabuwa a buɗe, babu Zabuwa. Ba a fasa kwaɗo ba. An buɗe shi da makullin da muke ɓoyewa ƙarƙashin bulo, an rataye shi a ƙusa kamar yadda ni kaina nake yi. Sirdinta yana nan, ragamarta ba ta nan. Da ƙarfe tara likitar dabbobi za ta zo a tsige gashin gezarta, washegari Juma'a kuma ita ce ranar ƙarshe da aka ba ni in saka gashin a gidan waya.

Ban yi kuka ba. Na faɗi wannan tun farko ne saboda daga baya an yi ta yawo da labari wai an same ni ina birgima a ƙasa. Na zagaya barga sau biyu, na kira sunanta har muryata ta dushe, sannan na buga wa likita waya na roƙe ta ta ɗaga zuwanta zuwa gobe da ƙarfe uku.

Sunana Sakinatou. Ina da shekara goma sha ɗaya aka kawo ni Greensboro, nan ƙasar Turawa, daga Tessaoua ta Nijar bayan rasuwar mahaifina, aka danƙa ni hannun yayarsa, Gwaggo Tchima. Ita ta raine ni tare da ɗanta Abdoul Razak, da kuɗin ninke zanen gado a wani otal da ke titin Wendover. Duk Asabar tana zaunar da ni tsakanin gwiwoyinta ta yi mini kitso, in ta gama ta tsince gashin da ya zuba, ta murza shi a tafin hannu ya zama ɗan dunƙule, ta tafi da shi. Na yi karatun jinyar dabbobi, na samu aiki a asibitinsu, kuma a shekarar 2006, ina da shekara ashirin da huɗu, na sayi goɗiya.

Balarabiyar goɗiya ce, fara mai ɗigo-ɗigon baƙi, shi ya sa na sa mata Zabuwa. Wurin wata tsohuwar Baturiya na saye ta, Misis Pegram. Uwar goɗiyar da ubanta duk suna da rajista, amma mijin tsohuwar ya kwanta ciwo shekarar da aka haife ta, ya rasu bai yi mata takarda ba. Ƙungiyar masu rajistar irin waɗannan dawaki ta ce abu ne mai sauƙi: in tsige gashin geza talatin da saiwarsu in aika, su gwada su ga ko ya dace da na iyayenta. Na tsige, na aika. Bayan wata guda amsa ta zo. Gashin da na aika ba na ’yar waɗannan dawaki ba ne. Ba ma na goɗiya ba ne, na doki namiji ne. Sun ba ni dama ɗaya tak: a sake tsigewa a gaban likita, ta sa hannu. In wannan ma ya faɗi, sun rufe maganar Zabuwa har abada, sunana kuma ya zauna a littafinsu cikin masu yunƙurin yaudara.

Wata guda ke nan ana dariyata. Yarinya ta yi boko har ta kasa bambanta doki da goɗiya.

*

Gonar ba tawa ba ce. Mutanenmu na Nijar ne suka yi haya tare, suna ajiye ragunan layya, ranar Lahadi kuma iyalai su zo shan iska da gasa nama. Alhaji Alassane, mai sayar da motoci a High Point Road, shi ke riƙe da takardar hayar, kuma shi ne mai farin ingarman da ke ɗakin da ke kusa da na Zabuwa. Kafin ƙarfe tara ya iso da mutum huɗu.

“An sace,” in ji wani. “Baturiyar ce ta aiko aka ɗauke, don kada asirinta ya tonu. Jakar banza ta sayar mata.”

“Ko mai ita ce ta ɓoye,” in ji wani, bai dube ni ba. “Wanda ya san zai faɗi jarrabawa ai ciwon ciki yake yi ranar.”

Na ciro waya na ce zan kira ’yan sanda. Alhaji ya ɗaga hannu.

“Ba za ki kawo mana hukuma nan ba. Kin san mutum nawa ke shigowa gonar nan da ba su gama daidaita zamansu ba? Mutane shekara goma suna neman takardar kansu, ke kina neman ta dabba.”

“Tawa ta fito, Alhaji. Saura tata.”

Na san maganar ta soki wasu daga cikin waɗanda ke tsaye. Ban janye ba. Na ce na ba su zuwa gobe bayan sallar Juma'a. In Zabuwa ba ta dawo ba, zan kira, kowa ya ji da kansa.

Alhaji ya juya ga na kusa da shi. “A je a ɗauko Hassoumi.”

*

Na san Baba Hassoumi da gaisuwa kawai. Siririn dattijo ne mai liƙe kwalaye a wani babban sito na Wendover. Ban san cewa a Dakoro, in an sace raƙumi, shi ake nema kafin a nemi jandarma ba. Ya zo da rigar aikinsa, ya tsaya a bakin shinge ya dubi filin da mutum shida suka tattake, ya girgiza kai.

“Kun yi mini rawa a kan allo. To, kowa ya koma mota. Ke, ɗiyata, biyo ni, amma inda na taka nan za ki taka.”

Ya fara da ɗakin. Bai taɓa kome ba sai buroshin da nake taje Zabuwa da shi. Ya juya shi a hannu.

“Kullum haka kike barin sa fes?”

“A'a. Jiya na bar shi cike da gashi, ina sauri.”

Ya duba ƙusar da ke jikin ƙofa inda takan goga wuyanta, ya duba bakin kwamin abincinta. Ko sili ɗaya babu. Ya fita waje.

Ƙasar wajen nan ja ce, mai danƙo, an kuma yi ruwa ranar Laraba kafin magariba. A bayan barga sawu ya fito kamar an buga hatimi: kofaton Zabuwa, da manyan takalman roba a gefenta na hagu. Baba Hassoumi ya karyi tsinken ciyawa ya auna tsawon takalmin, ya auna tsakanin taku da taku, ya sa tsinken a aljihu.

“Ba ta yi gardama ba,” ya ce. “Ko sau ɗaya ba a ja ta ba. Kuma raɓa ta riga ta sauka kafin su wuce. Bayan asuba ne.”

Muka bi sawun ya gangara cikin itatuwa har bakin rafi. A nan, kusa da wani kututture, sawun takalmi ya ƙare, na kofato ya ƙara nitsewa kaɗan, ya shiga ruwa.

“Ya hau ta,” na ce.

“Ba sirdi, ba linzami, da ragama kawai.” Ya yi ɗan murmushi. “Na daɗe ban ga wannan ba. Tsaya nan.”

Ya naɗe wando ya shiga rafin, ya ɓace cikin itatuwa. Na tsaya fiye da rabin awa. Da ya dawo bai bi ta wurina ba, sai ya zagaya bayan barga ta gindin wata bishiya, ya tsuguna, na ga yana tono da yatsa. Ya ƙulle wani abu a hankici ya sa a aljihu.

“Me ka samu, Baba?”

“Tukuna. Ina ambulan ɗin farko ya kwana kafin ki kai shi gidan waya?”

“A gida, kan firji.”

“Su wa ke gidan?”

“Ni, da Gwaggo, da Abdoul Razak.”

“Gwaggonki tana zuwa gonar nan?”

“Ranar Lahadi. Can nesa take shimfiɗa tabarmarta. Warin doki yana sa mata ciwon kai.”

“To. Kai ni wurin Alhaji.”

*

A bakin ƙofar gonar akwai sawun tayar tirela, kuma Alhaji kaɗai ke da tirela. Muka same shi a filin motocinsa yana shan shayi ƙarƙashin tutocin roba masu kaɗawa.

“Ni kuke zargi? Ni na aika aka ɗauko ka, Hassoumi.”

“Ai shi ya sa na fara da kai, Alhaji, girmanka ne. Ina tirela ta je?”

“Raguna uku na kawo ranar Laraba da azahar. Tambayi wanda ka ga dama.”

“Ka taɓa hawan doki ba sirdi?”

Alhaji ya dubi cikinsa, ya dubi Baba Hassoumi. “Da sirdin ma sai an riƙe mini likkafa. Izgili ka zo yi mini?”

A mota na ce ban yarda da shi ba. Farin doki namiji ɗaya ne a gonar, nasa ne, kuma tun ranar da na kawo Zabuwa yake cewa ɗakin na ragunansa ne.

“Gashin na dokinsa ne, wannan kin yi daidai,” in ji Baba Hassoumi. “Amma ruwan sama ya ɗiga cikin sawun tayar, ke nan kafin magaribar Laraba ta wuce. Takalminsa na je gani. Ƙafarsa ta fi wadda nake nema girma.”

Misis Pegram ta buɗe mana ƙofa tana dogara sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu. Da na gaya mata abin da ake faɗa a kanta, fuskarta ta yi ja. Ta ɗauko kundin hotuna ta buɗe mana: Zabuwa jaririya, baƙa ƙirin kamar yadda irinsu suke zuwa duniya, tana shan nonon uwarta, mijin tsohuwar yana tsaye a gefe. Ta ce shekara arba'in suna kiwon dawaki ba wanda ya taɓa kiran su maƙaryata, kuma in goɗiyar ta kwana biyu ba a gan ta ba, ita za ta kira ’yan sanda ko ban kira ba. Baba Hassoumi ba ya jin Turancinta, amma ya daɗe a kan hoton.

“Gaya mata goɗiyar ’yar uwarta ce,” ya ce. “Kunnen ɗaya, zaman wutsiya ɗaya. Da ni za su tambaya da ba su wahalar da gashi ba.”

Saura gida. A bakin ƙofarmu, bayan tukunyar fure, takalman robar Abdoul Razak suna ajiye, da jar laka ɗanya a ƙasansu. Baba Hassoumi ya ciro tsinkensa ya ɗora. Daidai.

Na shiga na fizge bargo daga kan Abdoul Razak. Tasi yake ja, bai daɗe da kwanciya ba.

“Ina goɗiyata?”

“Wace goɗiya? Ke, lafiyarki?”

“Takalmanka ne suka fitar da ita. Kai ne ke cewa da na sayi mota da na huta. Kai ne ka kwana da ambulan ɗina a gidan nan.”

“Tun Lahadi ban sa su ba. Wallahi, Sakinatou. Ni da dokin Alhaji ya cije ni a kafaɗa, kin taɓa ganin na sake matsawa kusa da waɗannan abubuwan?”

“Munafuki.”

“Ke dai boko ya taɓa miki kai.”

Baba Hassoumi ya sa shi ya saka takalman ya yi tafiya daga ƙofa zuwa mota ya dawo. Ya yi, yana ƙunƙuni. Dattijon ya duba, ya gode masa, ya ce ya koma barcinsa.

A waje na tare shi. “Ka ga inda take, Baba. Na gani a fuskarka tun a bakin rafi.”

“Na gani. Tana inuwa, ta ci, ta sha, an yi mata dabaibayi irin wanda ba ya cin ƙafa.”

“Kai ni.”

“A'a.”

“Tawa ce.”

“Taki ce. In na kai ki yau, gobe da asuba a sake ɗauke ta, a kai ta inda ni ma ba zan gani ba. Wanda ya yi wannan ba ɓarawo ba ne, dalili gare shi, kuma dalilin yana nan. Ki tara mini su gobe bayan Juma'a. Wanda ya kai ta shi zai dawo da ita.”

Na ce in ƙarfe uku ta buga ba ta dawo ba, sunansa zan fara bai wa ’yan sanda. Ya ce hakkina ne.

*

Da magariba Gwaggo ta dawo daga aiki tana tafiya da ƙyar, hannu a ƙugu. Ta ce katifun otal ne suka karya mata baya. Duk da haka ta tuƙa tuwo, ta zuba mini, ta zauna tana kallon ina juya cokali.

“Ki ci. In rabonki ce za ta dawo.”

“Za ta dawo ko ba rabona ba ce.”

“Bakinki, Sakinatou.” Ta taɓa kaina. “Kitson nan ya tsufa. In an rufe maganar takardar nan ai kin huta. Doki doki ne, ko da takarda ko babu.”

Na ce ba za a rufe ba. Na wanke kwanona na shiga ɗaki.

*

Ƙarfe biyu da rabi suka taru a gaban barga, da kayan Juma'arsu. Alhaji da mutanensa, Abdoul Razak da jajayen idanu, Misis Pegram a kujerar motarta da ƙofa a buɗe, Gwaggo can nesa a tabarmarta. Wayata tana hannuna kowa yana gani.

Baba Hassoumi ya tsaya a tsakiya da tsinkensa.

“Takalmin na Abdoul Razak ne,” ya ce. “Ƙafar ba tasa ba ce. Na ga tafiyarsa, taku biyunsa ya kai uku na wanda nake nema. Kuma yatsun mai shi ba su kai bakin takalmin ba, gaban sawun bai nitse ba. Ƙaramar ƙafa ce cikin babban takalmi. Mai ita ya hau goɗiyar da bai saba da ita ba, ba sirdi, ya bi da ita cikin ruwa zuwa tsohon ɗakin busar da taba da ke bayan rafi. Wannan ba a nan ƙasar ya koya ba, kuma ba da girma ya koya ba.”

“To wane ne?” in ji Alhaji. “Bar zagaye-zagaye.”

“Shekara talatin ina bin ɓarayi, Alhaji. Sun bar mini toka, sun bar mini kashin raƙumi, wani har hularsa. Ban taɓa ganin ɓarawon da ya tsaya ya share buroshi ba. An tsince gashin goɗiyar nan daga buroshi, daga ƙusa, daga kwami, aka kai gindin bishiya aka binne, aka daddaɓe ƙasar da tafin hannu.”

Ya kwance hankicin. A ciki akwai ɗan dunƙulen farin gashi, an murza shi tamau, an naɗe bakin sili a kansa sau biyu an cusa ciki.

Shekara goma sha uku ina ganin wannan dunƙulen duk Asabar. Launin ne kawai ya bambanta.

Ban juya ba. Na ji motsin tabarma, na ji takunta a hankali a bayana, na mai ciwon ƙugu.

“Rufe hankicinka, Hassoumi,” in ji Gwaggo Tchima. “Iska za ta ɗauka.”

Abdoul Razak ya buɗe baki. “Mama? Ke da warin doki yake sa wa ciwon kai?”

“Yi mini shiru.” Ta zo ta tsaya gabana. “Ni na canza gashin farko. Ni na ɗauke ta jiya. Da Juma'ar nan ta wuce da na dawo miki da ita lafiya.”

“Tsaya, Hajiya,” in ji Alhaji. “Gashin da aka aika wa Turawa, na dokina ne?”

“Naka ne. Ranar Lahadi na tsiga, kuna wajen nama.”

“Gashin dokina yana hannun mutanen da ban sani ba?” Muryarsa ta canza. “Wata biyu? Shi ya sa yake ƙin abinci kwanan nan. Hajiya, wannan zalunci ne. Me ya sa nawa?”

“Naka ba na ’yata ba ne.”

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Ni ban yi ba.

“Wata guda ana ce mini jahila, Gwaggo. Wata guda ana ce mini maƙaryaciya. Kina zuba mini tuwo kina ji. Jiya na kira ɗanki munafuki saboda ke.”

“Na ji duka. Gara a yi miki dariya.” Ta dubi ɗakin da babu kowa. “Kakanki yana da doki a Tessaoua, ba a taɓa gaya miki ba don ba a maganarsa a gidanmu. Ubanki yana goye lokacin. Ni nake yi masa ciyawa, ni nake kai shi ruwa, ina shekara goma sha biyu. Wani baƙo ya zo ranar kasuwa ya ce in ba shi gashin wutsiya kaɗan zai ɗaura wa goge. Ya yi mini magana mai daɗi. Na tsiga na ba shi da hannuna. Kwana goma sha tara dokin ya faɗi, kumfa tana fita ta hancinsa. Kakanki bai doke ni ba. Bai ma yi mini faɗa ba. Kujera ya sa a gaban turke, ya zauna, haka ya yi ta zama har ya bar duniya. Tun ranar ban sake taɓa doki ba sai da kika ce za ki zuba gashin taki a takarda ki aika wa wanda ba ki taɓa ganin fuskarsa ba.”

“Ciwo ne, Gwaggo. Ƙwari ke kawo shi da damina, yana cika huhu da ruwa. Ba baƙon ba ne, ba ke ba ce. Na karanta shi.”

“Ke kin karanta. Ni na binne.”

Motar likita ta shigo ta tsaya bakin shinge. Kowa ya dubi wayar da ke hannuna. Na sa ta a aljihu.

“Ba zan kira kowa ba,” na ce. “Amma gashin nan zai tafi yau. Kin ce in bar wando, na bari. Kin ce in dawo gida kafin magariba, har yau ina dawowa. Ban taɓa tsallake maganarki ba, wannan zan tsallake. Goɗiyar nan tana da uwa tana da uba, kuma sai an rubuta. Ni ma ban yi ƙarya ba, shi ma sai an rubuta. Ki je ki dawo da ita, ko Baba ya kai ni.”

Ta zuba mini ido. Ban sunkuyar da kai ba, karo na farko a rayuwata. Sai ta cire mayafinta ta ɗaura a ƙugu, ta gangara wajen rafi.

Bayan minti ashirin muka ji kofato. Ta fito daga cikin itatuwa a kan Zabuwa, ba sirdi, bayanta a miƙe kamar ba ita ke dafe ƙugu ba. Misis Pegram ta dafa ƙofar mota ta miƙe tsaye don ta gani da kyau. Alhaji ya manta da dokinsa.

Likita ta sa safar hannu ta matso. Gwaggo ta sauka ta tsaya tsakaninta da goɗiyar.

“Gaya mata ta tsaya ta duba ta sa hannunta. In dole ne a ba da, ba baƙon hannu zai tsiga ba.”

Ta shafa wuyan Zabuwa, ta yi bisimilla, leɓunanta suka ci gaba da motsi. Ta naɗe gashi a yatsa ta fizga sau ɗaya. Goɗiyar ko kunne ba ta kaɗa ba. Likita ta ɗaga gashin a rana ta ce duk da saiwarsu. Gwaggo ta karɓa ta saka su a ambulan. Ni na liƙe, ni na kai, saura minti ashirin a rufe gidan waya.

*

Kwana arba'in Gwaggo tana biyawa ta gonar kafin ta wuce otal. Takan duba hancin Zabuwa, ta sa kunne a haƙarƙarinta, ta share buroshi, ta je gindin bishiya. Ban hana ta ba. Na nemi gafarar Abdoul Razak, ya ce sai na wanke masa tasi sau uku. Sau ɗaya na wanke.

Takardar ta zo ranar talatin da shida, mai kauri, da hatimi. Na kai ta gonar ranar Lahadi na shimfiɗa a kan motar Alhaji. Ya karanta da tabarau, ya ce ashe dai. Gwaggo ta sa na karanta mata sunayen kakannin Zabuwa ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, sannan ta tambayi sunan wa aka sa a wurin mai ita. Na nuna mata. Ba ta ce na yi daidai ba, har yau ba ta ce ba.

Ranar arba'in da ɗaya na isa da ƙarfe bakwai na tarar da ɗakin a buɗe, kwaɗo a rataye a ƙusa, sirdi yana nan, ragama ba ta nan. Takalman Gwaggo na otal suna ajiye a bakin ƙofa, gefe da gefe. Ban nemi Baba Hassoumi ba. Na hau shinge na zauna ina jiran su dawo.